Gishiri a Bangon Kawu Dosu

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba a unguwar Akpakpa ta Kwatano, Sedami ta shiga sabon gidan rungume da jakarta. Aikinta duba gini kafin masu shi su tare. Wanda ya gina wannan kuwa kawunta ne, Dosu, shi ya riƙe ta tun tana rarrafe. In ba ta sa hannu a takardar amincewa da ginin yau ba, an kore shi ke nan, kuma ko katangar bayan gida ba mai sake ba shi a unguwar.

Ta danna na'urar auna danshi a bangon ɗakin yara. Allurar ta tsallake kore, ta kwanta a kan ja.

"Fenti ne bai bushe ba," in ji Dosu. "Ke da abin wasanki na 'yan boko."

Ta kankare fentin da farce, ta ɗanɗana. Gishiri zalla.

"Kawu, da yashin bakin teku ka kwaɓa."

"Da shi aka gina ɗakin da aka yanke miki cibiya. Ya faɗo miki?"

"Wannan bango zai yi ta shan ruwa har ya ruɓe. Nan fa yara za su kwana."

Bai bari ta rufe baki ba. Ya fizge na'urar ya maka da ƙasa, ya bi ta da diddige. Sedami na sunkuyawa ya kai mata cokalin gini a kunci. Ta ji haƙori ya motsa, jini ya cika mata baki. Ya murɗe wuyan hannunta, ya cusa mata biro.

"Rubuta, Madam injiniya. Ko in karya shi ki koyi rubutu da hagu."

Ta gantsara masa cizo a tsintsiyar hannu sai da ya saki. Hannunta ya faɗa kan gudumarsa. Dosu ya ja baya, ya kare kansa.

Bangon ta daka. Sau ɗaya, sau biyu. Shafen siminti ya zubo a jiƙe kamar ƙullun ƙosai, warin ruma ya cika ɗakin.

A bakin ƙofa Madam Hunkpe, matar mai gidan, tana tsaye da labulayen da ta kawo za ta rataya. Ta daɗe tana kallon ramin.

"Dosu, miƙo makullina."

Sedami ta jingina takardar a gwiwa, ta rubuta cewa gida bai kai a zauna ba.

Dosu ya tattara kayan aikinsa, bai dube ta ba.

"Ki aiko a kwashe miki littattafanki. Kada in ga ƙafarki a gidana."