Tsarabar Fatakwal

Kaltume ta kai hannu za ta dafa benci, sai ta dafa gwiwar mutum.

"A'a, Yaya Kaltume, ni ce, Saude maƙwabciyarki. Matso nan, ga wuri."

Ta zauna tana dariyar yaƙe. Idon hagu ya rufe tun bara, na dama kuwa yanzu kamar ta cikin ruwan gasara take leƙen duniya da shi. Likita ya ce yanar ido ce, aikin rabin awa a Kano, amma a taho da abin hannu. Shi ya sa da mai shela ya zaga jiya cewa ma'aikata za su zo ƙaramin asibitin ƙauyensu na bayan Yako, su rubuta talakawa a ba su katin magani kyauta, har da aikin ido, ko kokon safe ba ta tsaya sha ba. Shiga dai ta tsaya ta yi, don ba a zuwa gaban hukuma da tsumma. Ta buɗe adaka ta ciro atamfar da ɗanta ya kawo mata a zuwansa na ƙarshe daga Fatakwal, ta ɗaura.

A gindin darbejiya maza sun kaure da musu. Muryar Ɗanasabe mai kanti ta fi ta kowa, kamar kullum.

"Ni fa ban ga dalili ba. In gwamnati ce za ta yi wa kowa magani, 'ya'ya su yi me? Wanda ya haifa, ɗansa ne asibitinsa."

Habu mai gyaran keke ya ce, "Wanda bai haifa ba fa, Alhaji? Ya kwanta ya mutu?"

"Shi a ba shi. Amma dubi Kaltume can. Me za ta yi da kati, ga na Fatakwal?"

Kaltume ta yi kamar ba ta ji ba. Ɗanasabe ba shi da laifi, ita ta koya wa garin wannan karatu. Shekara bakwai ke nan ba ta ji muryar yaron ba. An ce yana raye, an ce ya yi aure, an ce ya yi ƙiba. Ita kuma duk Sallah sai ta sayar da gyaɗarta, ta hau mota har Bebeji inda ba a san ta ba, ta sayo sabulu da alewa, ta bi gida-gida tana cewa, "Ga tsarabar yaron, yana gaishe ku." Mata su yi ta sa masa albarka, ta dawo ɗakinta ta ci tuwo da miyar da ba ta ga mai ba. Ƙarya ce, kuma mai tsada, amma ta fi mata sauƙi a kan a ce ɗan da ta goya ya yar da ita.

Da layi ya zo kanta, Saude ta riƙo hannunta har bakin tebur. Ma'aikaciyar yarinya ce, ta ce sunanta Fiddausi, tana riƙe da wata faffaɗar waya tana dannawa.

"Mama, sau nawa kike cin abinci a rana?"

"Alhamdu lillahi."

"Mama, babu gurbin alhamdu lillahi a nan. Ɗaya, biyu ko uku?"

"Muna cikin rufin asiri, 'yata."

Fiddausi ta dubi atamfar, ta danna wani abu. "To akwai mai ɗaukar nauyinki?"

Kafin Kaltume ta haɗiye yawu, Saude ta karɓe zancen, da zuciya ɗaya. "Ai ita ta haifu! Ɗanta na Fatakwal duk Sallah sai ya yi aike. Ni yau ma da sabulunsa na yi wanka."

Matan layi suka amsa, "Wallahi kuwa. Allah Ya yi masa albarka."

Fiddausi ta sassauta murya. "Mama, ki yi haƙuri. Katin bai kai yawan mutanen ba, an ce mu fara da waɗanda ba su da kowa. Ki gaya wa ɗanki ya kai ki Kano da wuri, idon nan ba zai jira ba."

"To," in ji Kaltume. "Na gode."

Ba ta tafi gida ba. Ta ce wa Saude za ta huta, ta zaga bayan asibitin ta zauna a kan wani tubali. Aka kira azahar, ta yi alwala da ruwan randar asibiti ta yi salla a wurin. Tana jin hayaniya na raguwa, babura na tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba mutuwa take tsoro ba. Abin da take tsoro shi ne ranar da za ta farka ta kasa gane hanyar rijiya, ta tsaya a tsakar gida tana kiran wani, a gidan da ita da kaji biyu ne kawai. Kaɗaici ta saba da shi, amma tana ganinsa. A cikin duhu kuwa ba ta san yadda za su kwashe ba.

Da ta ji wurin ya yi tsit, ta tashi tana bin bango. Fiddausi na tattara takardu.

"Mama, ba ki tafi ba?"

"'Yata, akwai kowa a nan?"

"Ni kaɗai ce."

"To gyara abin da kika rubuta. Sau ɗaya nake ci. Sabulun nan ni nake sayensa." Ta tsaya, ta ja numfashi. "Shekara bakwai, ko gaisuwa yaron bai aiko ba."

Fiddausi ta ajiye takardun. Ta sake ɗauko wayar.

"Zan gyara, Mama. Amma ki sani, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a karanta sunayen a ƙofar mai unguwa, kowa da dalilinsa, don mutanen gari su shaida ba a yi son kai ba. Naki za a ce kina da ɗa, amma ba ya kula da ke. Kin yarda?"

Kaltume ta hango ƙofar mai unguwa, ta hango Ɗanasabe a sahun gaba, da matan da suka shekara bakwai suna sa albarka. Ta shafa idonta na dama da bakin mayafi.

"Rubuta."

"Sai an sa sunansa. Mene ne sunansa?"

Ɗan fari ne. Tun ranar da liman ya raɗa masa suna ba ta taɓa faɗa ba, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Yaron take cewa, ko na Fatakwal. Shekara talatin da takwas sunan na bakinta a ajiye, kamar atamfar nan a adaka.

"Uzairu," ta ce a hankali.

"Ban ji ba, Mama."

"Uzairu."

Fiddausi ta danna, ta ɗauke ta hoto, ta miƙa mata 'yar takarda. Kaltume ta ƙulle ta a gefen zani, ta kama hanya tana auna ƙasa da ƙafa.

Tana tura ƙyauren gidanta Saude ta leƙo ta saman danga.

"Yaya Kaltume, kin dawo? Kada ki damu da katinsu, wa ya kai ki gata? In kun yi waya da na Fatakwal ki ce ina gaishe shi."

Kaltume ta tsaya da hannu a kan ƙyaure. Yau Talata, saura kwana uku.

"Zai ji," ta ce. "Shi ma yana gaishe ku."