Sunayen da Dada Ba Ta Faɗa

Takardar ta iso Kankiya ana tsakiyar girbin gero, a shekarar 1955. Wata kwaleji ce a Zariya ke neman Malam Rufa'i ya je ya koyar da tarihi, har da gida mai rufin kwano. Idan kuwa ba ya so, sai ya ci gaba da zama a babbar firamaren Kankiya, inda alli ma sai an karya shi biyu. An ba shi mako guda ya ba da amsa.

Rufa'i ya so tafiyar ƙwarai, kada ma a yi masa ƙarya. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ƙarasa littafin da ya shekara biyu yana rubutawa daga bakin kakarsa Dada, tarihin yadda mutanensu suka zauna a ƙasar Kusada. Da shi yake so ya shiga Zariya yana taƙama.

Ran Juma'a ya hau keke ya nufi Kaikai, ƙauyen Dada. Ya tarar da tsohuwar tana kaɗi a gindin bedi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe littafi.

"Dada, wanda ya haƙa rijiyar gabas, kin ce mani 'mai farin sa'. Mi ne ne sunansa?"

"Kai angona, ba ka da ta ido! Surukina ne fa. In hwaɗi sunanshi da bakina?"

"To wanda ya raba rikicin burtali?"

"Wannan kakanka ne. Je ka tambayi Kubura ta ƙauyen Boko. Ita ba mijinta ba ne, ta hwaɗa maka har da laƙabinshi."

Nan Rufa'i ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Malamin tarihi guda, mai takardar shaida, ashe shekara biyu yana rubuta "mai farin sa" da "na gidan tudu" da "wancan bawan Allah". Miji, suruki, ɗan fari, duk kunya ta hana Dada ambatarsu, shi kuma daɗin labari ya hana shi lura. Ya ƙirga mutum goma sha tara da ba su da suna. Kunya ta kama shi, ya ji kamar ya nutse.

A hanyar komawa ne abin ya faɗo masa. Sunan da wata tsohuwa ba za ta iya faɗa ba, wata za ta faɗa ba ko gezau. Jikokin tsofaffin nan kuwa su ne zaune a ajinsa, daga Boko, daga Tafashiya, daga ko'ina. A Zariya zai samu ɗalibai manya da ɗakin karatu cike da littattafai, amma ba zai samu ko kaka ɗaya ba. Tsofaffin kuma ba za su jira shi ya dawo hutu ba.

Da hedimasta Malam Dawuda ya ga amsar da ya rubuta, sai ya cire tabarau.

"Malam Rufa'i, kwaleji fa! Ni shekara ashirin ina jiran irin wagga takarda. Don hirar tsohhi za ka ƙi?"

"Ranka ya daɗe, sarakunan Ingila suna da masu riƙe masu suna. Namu ba su da kowa."

Malam Dawuda ya girgiza kai, ya sa hannu, aka aika.

Ran Asabar tun da hantsi Rufa'i ya isa Boko. Daga nesa ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan Kubura, maza zaune jugum. Shekaranjiya aka binne ta, labari ma bai kai Kaikai ba. Ya jingine keke, ya zauna aka yi addu'a, hawaye na zubo masa, har aka yi zaton ɗan'uwa ne na kusa.

Da aka shafa, ya matsa kusa da wani dattijo, ya tambaye shi ko akwai sa'arta da ta rage.

"Sai dai Tani ta Tafashiya. Ita ma fa jiki ya ƙi."

An kawo masa fura, ya ce a yi masa haƙuri. Ya ɗaure littafin a bayan keke, ya kama hanyar Tafashiya cikin rana tsaka.