Koren Fentin Baffa Yuguda

Rahinatu ta kai ƙarshen matakala, ta leƙa saman siton goron baffanta, sai ta tsaya cak. Rufin simintin nan mai ruwan toka, wanda ta sani tun tana yarinya, ya koma kore shar, har da ƙyalli. Warin fenti ya danne ƙamshin tsiren unguwarsu ta Briqueterie gaba ɗaya.

A kan wannan rufi ta jingina digirinta. Aikinta gyaran tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam ne. Kyamarar tauraro tana tsufa kamar mutum, idonta ya dushe, fari ma ta gan shi dishi-dishi. Kafin a yarda da hotonta sai an nemo wani wuri a ƙasa da bai canza ba tun wancan zamanin, a auna haskensa yau, a gane iyakar ƙaryar da kyamarar ta yi, a cire. To, a Yaoundé, inda in ka bar fili ka leƙa kasuwar Mokolo sai ka dawo ka tarar da bene, ina za a samu irin wannan? Ta tace garin kaf, ba ta samu ba sai wannan shimfiɗeɗen rufi, wanda rowar Baffa Yuguda ta tsare shi daga gyara tun ba a haife ta ba. Na'urar auna hasken kuma aro ce, yau farfesanta zai zo da ita, gobe ta koma wurin masu ita.

Kuskurenta ɗaya, ta ce wa Baffa manyan baƙi za su hau rufin.

"Yaya kika gani?" in ji Baffa, yana tsaye cikin babbar riga, baki har kunne. "Da sai in bari farfesa ya taka ƙazanta? A je iniversite ana cewa haka gidanku yake?"

"Baffa, na ce kar a taɓa dal ɗin, simintin rufin nan."

"Kin faɗa. Kara ce irin ta 'ya'yan kirki, ba ki son ɗora mini nauyi. Na gane."

Mutumin da aka yi shekaru ana roƙonsa ya gyara magudanar ruwa ya ƙi, bai tashi karamci ba sai a kanta. Amma shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, kuma ba a ɗaga wa baffa murya. Ta haɗiye baƙin cikinta, ta zagaya bayan tankunan ruwa don kar ya ga hawayenta.

A nan ta ga ikon Allah. Alim mai fenti, wanda duk unguwa ta san ha'incinsa, ya bar wani wuri mai faɗin tabarma biyu inda ya zaci ido ba zai kai ba. Tsohon simintin na nan yadda yake, kuma ya ishi na'urar.

Baffa ya biyo ta, shi ma ya gani. "Kai, wannan macuci!" Ya naɗe hannun riga, ya suri buroshi daga ragowar bokitin fenti. "Matsa in rufe kafin su iso."

Rahinatu ba ta matsa ba. Ta shiga tsakiyar wurin ta tsaya, ta miƙa hannu ta karɓe buroshin daga hannunsa.

"Ba za a shafa ba, Baffa."

Tun da take, ba ta taɓa karɓe wani abu daga hannunsa ba sai in shi ya miƙa. Ya dube ta, ya dubi hannun.

Farfesa ya hau da na'urar. Ya gaisa, ya ji bayani, ya ɓata fuska, ya taka koren fentin ya wuce ko kallo bai yi masa ba. Bayan tanki ya durƙusa da wandonsa mai tsada, ya shafa tsohon simintin yana gyaɗa kai. Awo ya yi kyau, digiri ya tsira.

Da Rahinatu ta ɗago, Baffa yana bakin matakala, gefen rigarsa duk kore.

"Ashe a duk abin da na yi miki," ya ce a hankali, "wanda aka manta ba a yi ba shi ya amfane ki."

Ya sauka. Abincin da ya sa aka dafa wa baƙi, bai zauna an ci da shi ba.