Tanderun Mahaifinta

Da ta dawo daga kai yara makaranta, sai ta tarar da Kawu Dogo durƙushe a ɗakin baya, ya rushe layi uku na bulon da ta kwana biyu tana jerawa.

Tanderun narka gilashi ne na mahaifinta. Bayan rasuwarsa ta kwaso shi gunduwa-gunduwa daga tsohon shago don ta tayar da shi a gidanta, ta ci gaba da hura kofuna da kwalaben turare, sana'ar da ta koya tun sai ta taka kujera take hango wuta. Ba ita ta gayyaci Dogo ba. Shekara goma sha biyu suka yi aiki tare da mahaifinta, suka rabu baram-baram, kuma har tsohon ya koma ga Allah bai faɗi dalili ba. In an ambaci Dogo sai dai ya tsuke baki. Kwatsam ranar Litinin sai ga mutumin ya yi sallama, da cokalin gini a hannu.

"Kawu, me kake nema a ƙasan nan?"

"Nema kuma, 'yata?" Ya ɗago wani bulo. "Wannan wa ya ba ki?"

"Biyu suka fashe a hanya, na cike da na kasuwa."

Ya fita tsakar gida ya tura bulon cikin garwashin murhu. Ita kuwa ta yi saurin leƙa jakarsa da ya bari a buɗe: igiya, ma'auni, maganin tari. Tana cikin mayar da su ta ji ƙara, tas! Bulon ya dare gida uku.

"Da a ƙarƙashin tukunyar gilashi ya yi haka, da a ƙafafunki narkakken gilashin zai zubo," in ji shi.

Ta yi godiya, amma ranta bai kwanta ba.

"Ke dai kin cika zargi," in ji maigidanta da daddare. "Tsoho ya zo taimako."

"Shekara ashirin bai san hanyar gidanmu ba, sai da Baba ya mutu?"

Kwana tara suna gini, idonta na kan hannunsa. Suka kunna wuta kaɗan-kaɗan har kwana uku don kada ginin ya tsage. Ranar da gilashin ya narke ya yi kamar zuma, ta miƙa masa bututun hurawa. So take ta ga abin da ya kawo shi.

Ya girgiza kai, ya dafa ƙirji. "Nan ya ƙare tuntuni. Hura in gani."

Ta ɗebo, ta juya, ta hura. Kofin ya fito a karkace, amma ya fito. Dogo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rataya jakarsa ya ce ta gaida yara.

Yana fita ta nufi bango ta hau ƙirga kayan aiki. Almakashi biyu, matsefata uku. Bututu shida ta kwaso daga shago. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Bakwai ne. Na bakwan tsoho ne, an naɗe mariƙinsa da jar waya, irin naɗin da mahaifinta kaɗai yake yi. Ashe Dogo ne ya dawo da shi.

Maigidanta ya leƙo yana murmushi. "To, ya tafi da wani abu?"

"A'a," ta ce.

Ta sauke bututun, ta goge shi da gefen zanenta, ta nemi wata ƙusa ta rataye shi daban.