Yanka na Uku

Reshen mangwaron ya tsage ne ranar Talata, daidai saman inda Tsuntsuwa take baje gwangwanayenta tana dafa ƙasa. Bai faɗo ba, ya dai rataye yana ƙara duk lokacin da iska ta taɓa shi. Tun ranar uwarta ta hana ta tsakar gida, yarinya 'yar shekara biyu ta koma leƙe ta taga.

Mai gidan hayar ya zo ya ɗaga kai ya duba. Ya ce, "Jibi zan kawo masu babban zarto su kwantar da bishiyar gaba ɗaya. Ba zan ɗauki alhakin rai ba."

Uwar Tsuntsuwa ta ce, "Baba, reshe ɗaya ne fa."

"Yau ɗaya ne. Mai kula da ita yana ina?"

Mijinta mai gyaran bishiyoyi ne, wata goma sha huɗu ke nan da ya bi masu share rassa daga kan wayoyin lantarki zuwa nesa. Duk jikin mangwaron nan tabon hannunsa ne, zagaye-zagaye da suka warke sumul. A ƙarƙashinta yake kwance takalmansa idan ya dawo aiki, garin katako a gashinsa har cikin kunne. Da kyar ta samu Baba ya yarda cewa in reshen ya sauka lafiya kafin jibi, zai bar bishiyar.

Ta jawo zarton daga bayan ƙofa, mai doguwar sanda da ake zarewa, ɗan inji a kansa. Ta sa batir a caji, ta kira mijin a waya. A ranta so take ya ce ta bari yana tafe.

Ya ce, "Duba man sarƙa tukuna. Akwai 'yar taga a gefen tankin."

Ta duba. "Rabi ne."

"Ya isa. Ja sarƙar da yatsa. In ta saki da yawa, ki ɗaure ƙusar da ke gefen takobin."

"Wane takobi kuma?"

"Ƙarfen da sarƙar take zagayawa. Haka muke ce masa."

Yayar mijin, wadda ta zo riƙon yarinya, ta leƙo ta ga matar ƙaninta cikin hular kwano da tabarau. Ta ce, "Ikon Allah! Mun auro amarya, mun samu soja."

"Yaya, ki rufe ƙofar nan, ki sa sakata. Ko ta yi kuka kada ki buɗe."

Ta ɗora wayar a kan katanga, ta ƙure muryar. Ya hana ta tsayawa ƙarƙashin reshen, ya sa ta koma gefe, sandar a karkace. Ta ɗora zarton a saman reshen, jikin gangar bishiyar, tana shirin gamawa lokaci ɗaya.

"Ta ina kika ɗora?"

"Ta sama mana."

"Sauke! In kika fara ta sama, nauyinsa zai yage ɓawon har ƙasa, ki feɗe ta da ranta. Matsa kamu biyu daga gangar, ki fara ta ƙasa, ki shiga kaɗan kawai. Sai ki koma sama, gaba da wancan yankan."

Ta danna. Sandar ta yi rawa har cikin haƙoranta, kafaɗunta suka ɗauki zafi. Garin katako ya zubo mata a fuska, ɗanye, mai ƙamshin da rabonta da shi tun ranar da ta wanke rigarsa ta ƙarshe. Sai da ta saki maɓallin ta tsaya.

"Lafiya? Na ji shiru."

"Abu ne ya shiga mini ido."

"Da tabarau?"

Ta koma yankan sama. Reshen ya yi ƙara, ya karye tsaf a tsakanin yankan biyu, ya faɗi rim a fili. Ɓawon gangar ko ƙwarzane babu. Daga ɗaki Tsuntsuwa ta yi ihu, Yaya na cewa, "Uwarki ta ci yaƙi!"

Saura guntun kututture a jikin bishiyar.

Ya ce, "Yanzu na uku. Akwai ɗan kumburi inda reshe ya haɗu da ganga, wuyan reshe ke nan. A gabansa ake yankewa, ba a taɓa shi, shi ke rufe ciwon. Kin gan shi?"

Ta gan shi sarai. Ta jingina sandar da katanga, ta cire hular.

"Wannan ba zai faɗo wa kowa a ka ba, ko?"

"Ba zai faɗo ba. Amma in ruwan sama ya same shi a haka, ruɓa zai fara, ya ci har ciki."

"Wata nawa ke nan?"

"Biyu. Da kyar uku."

"To, Baban Tsuntsuwa, ni hannuna ya gaji. Na yi biyu."

Ƙarar wani inji na tashi can a bayansa. Ta ji ya ja numfashi.

Ya ce, "Ki cire batirin, ki goge sarƙar da mai. Kada in zo in tarar ta yi tsatsa."