Murmushin da Ya Hana Maigida Cin Abinci

A cocinmu Maman Murna ake ce mini, kuma ni na jawo wa kaina. Ni ce mai tsayawa a bakin ƙofa ranar Lahadi ina washe baki kamar mai tallan man goge haƙori. In na ga mace ta shigo fuska a murtuke, sai in ja ta gefe in ce, "Haba 'yar'uwa, wadda ta san Ubangiji ai ba ta ɗaure fuska." Ban taɓa tambayar abin da ya ɗaure fuskar ba. Ina ruwana, ni dai haƙora nake son gani.

Kwatsam sai maigida ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kafinta, zarto a hannu. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana sai da ƙyar. Likitan ya ce mini muddin yana cin abinci akwai sa rai, amma in ya ƙi ci, to jikin zai tafi.

Na tsorata, tsoron da ban taɓa yin irinsa ba. Amma fa ni ce Maman Murna. Wadda ta yi shekaru tana hana mutane ɓata rai, yau a gan ta tana sharɓar majina? Sai na samo dabara. Kullum in na iso asibiti, banɗaki nake fara shiga, in kunna famfo, in yi kukana har in ƙoshi. In wanke fuska, in shafa hoda, sannan in shiga ɗakin da kular abinci ina rangaɗa waƙa. "Baban yara, yau ai ka fi ango kyau."

Har matan coci na kwaso masa da kacau-kacau. Muka kewaye gadon muna tafi, mara lafiyan da ke gadon kusa ya ja filo ya rufe kansa. Ni kuwa a gaba, ina juyi, ina ganin na gama ba da shaida.

Maigida ya juya fuska bango. In nas ta ba shi abinci yakan karɓi loma ɗaya ko biyu. In ni ce, sai ya datse baki. Na sauya miya, na sauya cokali, na ƙara waƙa. Mutum yana ta ramewa a gabana, wuyan rigarsa na zamewa, ni kuma ina ƙara faɗin murmushi, wai kada Shaiɗan ya samu ƙofa.

Wata rana da yamma na miƙa masa cokali, ya sa hannun hagu ya ture. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ke... ba ki damu ba."

Na ce, "Me ka ce?"

"Kowa ya yi kuka. Har mai walda na kusa da shagona. Ke... rawa kike."

Na buɗe baki zan yi masa wa'azina na bakin ƙofa, wanda na haddace tsaf. Abin da ya fito ba wa'azi ba ne. Kuka ne, mummuna, mai sauti kamar an taka akuya. Hoda ta kwaɓe, ɗankwali ya zame. Na kifa kai a kan zanen gadon ina cewa ina tsoro, ba na barci, in ya tafi ban san yadda zan yi da raina ba. Na ce ya je ya tambayi famfon banɗaki in ban damu ba.

Sai na ji gadon yana girgiza. Na ɗago a firgice, na zaci ciwon ne ya dawo. Ashe dariya yake, da rabin bakin da ya rage masa, hawaye na gangara cikin kunnensa.

"Kai," ya ce, "kukanki... babu kyau."

Ba abin da ya canja a ɗakin. Hannun na nan a sake, ledar ƙarin ruwa na rataye, gobe ba a hannunmu take ba. Amma wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na ji Ubangiji yana tare da mu a nan, cikin majinar da komai. Farin ciki ne, na gane shi sarai, kuma ba ni na ƙera shi a gaban madubi ba. Kyauta aka ba ni shi, a ranar da fuskata ta fi kowace rana muni.

Maigida ya ɗago hannun hagu zai share mini hawaye, ya kuskure ya tsokane mini ido. Sannan ya dubi kular.

"Kawo cokalin," ya ce.