Kaset ɗin Gwajin Murya

Su uku ne a gidan: Kaka, da 'yarsa mai aikin jinya, da jikarsa 'yar shekara tara da ake kira Ƙarama. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Muryar Kaka kawai suka rasa.

Shekara talatin ya yi yana sharhin ƙwallon ƙafa a talabijin, kafin a yi masa aiki a maƙogwaro, tun ba a haifi Ƙarama ba. Daga nan sai ya koma magana da ɗan allo da alli. Mutane kan tare su a hanya su ce mata, "Ai da muryar kakanki muka girma!" Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa jin ta ba.

Da gidan talabijin ya shirya tunawa da aikinsa, Ƙarama ta sa ran jin muryar. Suka je su uku da hantsi, aka zaunar da su a ɗakin ajiya, tsakanin kantoci cike da akwatuna. Shugabar shirin ta sunkuyar da kai. Ta ce a wancan zamani kaset ba shi da yawa, idan wasa ya ƙare sai a ɗauki na gaba a kansa. Na Kaka duk an goge.

Kaka ya rubuta, "Ba komai."

Suna shirin tashi sai ga wani tsoho da sanda, mai haɗa sauti da suka yi aiki tare.

"Kai, Sarkin Surutu! Yau kai ne shiru?"

Kaka ya rubuta, "Kai fa, har yanzu kurma ne?"

Tsohon ya kwashe da dariya, ya zaro wani ƙaramin kaset daga aljihu. "Jikata, matso. Kafin kowane wasa akan gwada makirufo. Kowa ɗaya, biyu, uku yake ƙirgawa ya yi shiru. Ban da wannan! Sai ya ba ni labarin gidansu kaf. Na ajiye guda, da shi nake daidaita na'ura."

Ya saka, ya danna. Aka ji ƙara, sannan murya mai kauri ta cika ɗakin.

"Gwaji, gwaji. Kurma, kana ji na? Yau 'yata ta fara tafiya. Ga ta nan ta miƙe! Ta wuce kujera, ta yanke uwarta, ta nufi ƙofa, saura taku ɗaya... kash, ta zauna daɓas!"

Mama, wato 'yar da ake ba da labarinta, ta rufe baki, tana dariya tana share hawaye. Shugabar shirin ta yi ajiyar zuciya, ta ce da wannan za a buɗe shirin.

"A sake," in ji Ƙarama. Sau huɗu aka sake.

A hanyar gida Kaka ya rubuta mata, "Kin ji?" Ta karanta, sai ta ji kalmomin cikin kaurin muryar nan. Ta gane cewa duk abin da Kaka yake rubuta mata a allo, da wannan muryar yake faɗarsa.